Gidan Kafin Yaƙi a Bakin Kogin Shari

A birnin Njamena akwai wani kafinta, Bahaushe, wanda ubansa ya zo daga Damagaram tun garin yana amsa sunan Fort Lami. Shekara goma sha ɗaya yana tara kuɗi domin ya fita daga gidan haya. A ƙarshen shekarar 1993 wani dillali ya kai shi unguwar Sabangali, ya nuna masa wani tsohon gida a bakin Kogin Shari.

Gidan na jan bulo ne, irin ginin da akawuna da manyan ma'aikata suka yi kafin Cadi ta sami mulkin kai a 1960. Katangunsa masu kauri ne, ko a watan Afrilu ɗakunan da sanyi. Barandar tana duban ruwa. In mutum ya tsaya a wurin zai ga masunta cikin kwale-kwale da masu wanki a gaɓa, wani lokaci ma dorina ta ɗaga kai. Can yamma, inda Logon ya haɗu da Shari, garin Kuseri ne na ƙasar Kamaru. A wajen ne Rabe da Kwamanda Lami suka mutu rana ɗaya, 22 ga Afrilu 1900, sa'an nan Faransawa suka kafa gari a wannan hayin suka sa masa sunan Lami. Sai a 1973 Shugaba Tombalbaye ya mai da sunan Njamena.

Mutanen garin suna raba gidaje kashi biyu: na kafin yaƙi da na bayan yaƙi. Yaƙin da suke nufi shi ne wanda ya soma a Fabrairu 1979, ya sake ɓarkewa daga Maris zuwa Disamba 1980 tsakanin dakarun Gukuni Waddai da na Hissen Habre. Ko babban cocin Katolika na tsakiyar gari bai tsira ba. Wannan gida ma ya sha nasa rabo. Kafintan ya ƙidaya ramukan harsashi a bangon gabas har ya gaji, kwanon ɗaki ɗaya kuma babu shi sam. Duk da haka ya ƙwanƙwasa ginshiƙan rufin, ya ji katakon da rai. Nan take gidan ya shiga ransa.

Mai sayarwa wani saurayi ne mai ladabi. Ya ce gidan na ƙanen ubansa ne, marigayin kuwa bai bar ɗa ba. Aka je gaban bulama, aka rubuta takardar ciniki, shaidu suka sa hannu. Matar kafintan ta tambayi mijinta, “Maigida, ina takardar gwamnati?” Ya ce saurayin ya gaya masa ta ƙone a yaƙi. Dokar filaye ta 1967 ta ce takardar mallaka da gwamnati ta yi wa rajista, wadda ake kira titir fonsiye, ita ce cikakkiyar shaida. Kafintan ya san haka. Amma farashin ya yi araha, kogin kuma yana gabansa, sai ya ƙi bin zancen.

Ya biya kuɗi, bai yi wata biyu ba aka karya darajar sefa da rabi, a Janairu 1994. Siminti da kwano da ƙusa, duk kayan da ake shigowa da su daga waje, suka yi tashin gwauron zabo. Abin da ya ajiye domin gyara bai isa rufe ɗaki ɗaya ba. Ya riƙa yin aikin da hannunsa da dare, bayan ya rufe shago. Ya toshe ramukan harsashi ɗaya bayan ɗaya, ya sake ƙyamaren tagogi, matarsa ta shafe bango da farar ƙasa. Kafin damina suka tare da 'ya'yansu biyar.

Ran wata Lahadi suna dawowa daga sujada, sai suka tarar da wata tsohuwa zaune a gindin mangwaron tsakar gida. Ta yi musu sannu da zuwa kamar su ne baƙi. Da aka kawo mata ruwa ta sha, ta kwance bakin zanenta ta fito da mabuɗi. Ta ce, “Ɗana, gwada wannan a ɗakin ajiya na baya.” Ɗakin nan kafintan ya yi ta shirin ɓalle ƙofarsa bai samu zarafi ba. Ya sa mabuɗin, ya ɗiga masa mai, ƙofa ta buɗe.

Ita ce matar wanda ya gina gidan. A Maris 1980 ita da mijinta suka haye kogi cikin kwale-kwale, gama a lokacin ba a gina gadar Ngeli ba tukuna. Dubban mutane suka yi haka. Mijin ya rasu a Kuseri, ita kuwa ta bi wata 'yar'uwarta zuwa Marwa, ta zauna tana sayar da ƙosai. Takardar gidan ba ta ƙone ba. Tana naɗe cikin leda a ƙasan akwatinta, da hatimi da lamba. Saurayin ya san tana da rai. Da aka neme shi, aka ce ya tafi Libiya neman aiki.

Dare uku kafintan bai runtsa ba. Abokansa suka ce ya riƙe takardar bulama ya tafi kotu: tsohuwa ba ta da kuɗin lauya, ba ta da ɗa, shari'a za ta ja har ta gaji ko ta mutu. Shi ma ya san haka ne zai faru. Ga guminsa na shekara goma sha ɗaya a bango, ga yara biyar. Matarsa ba ta yi masa dogon zance ba. Cewa ta yi, “Na tambaye ka takarda, ka ce ta ƙone. Yanzu ga ta. In muka ci gidan nan ta wannan hanya, ni ba zan iya barci a cikinsa ba.”

Da safe ya je ya durƙusa gaban tsohuwar. Ya ce, “Iya, gidanki ne. Na saya ban bincika ba, laifina ke nan. Kuɗin sake saye ba ni da shi a dunƙule. Ki faɗi abin da kika ga dama.” Ta daɗe tana duban kogi. Sa'an nan ta ce ba ta da ƙarfin gyara gida, ba ta kuma son ta mutu a ƙasar wasu. A ba ta ɗakin da ke duban ruwa, a riƙa biyan ta kaɗan kaɗan kowane wata, in an gama ta sa hannu.

Haka aka yi a gaban bulama da dattawa na ɓangarorin biyu. Shekara tara yana biya. Babban ɗansa ya bar makaranta shekara guda domin ya taimaka a shago, abin da har yau yake yi wa uban ciwo. Tsohuwar ta zauna da su, ta goyi autarsu, ta nuna musu inda ruwa yakan kai in kogi ya cika a ƙarshen Oktoba, ta hana su gina ɗakin girki a gangare. Ta sa hannu a 2003, aka juya takarda zuwa sunansa. Bayan shekara biyu ta rasu a ɗakinta, su ne suka yi mata sutura.

A Oktoba 2022 Shari da Logon suka cika suka malale Walia da Tukra, mutane da yawa suka rasa muhalli. Kafintan, yanzu da furfura, ya kwana da jikokinsa suna jera buhunan yashi. Ruwa ya cinye gangaren nan da aka hana shi gini, ya tsaya a matakalar baranda.

In saurayi ya zo neman shawararsa kan sayen tsohon gida, ba ya fara zancen katako ko rufi, ko da yake aikinsa ke nan. Yakan ce a nemi takarda a gan ta da ido, a tambayi tsofaffin unguwa wa ya gina, ina matarsa, ina 'ya'yansa. Mabuɗin tsohuwar yana nan rataye a ƙusa bayan ƙofar zaure, yakan ciro shi ya nuna musu.