Na Ga Wuri Yana Tafiya a Zanzibar

A Jambiani, ƙauyen masunta da ke gabashin tsibirin Unguja, teku kan janye sau biyu a yini. Ruwan da ke dukan gindin gidaje da asuba, kafin hantsi ya ja baya can nesa, ya bar farin rairayi da ƙananan kududdufai. Ga mutumin Kurfi, wanda babban ruwan da ya sani shi ne dam ɗin Zobe na Dutsin-Ma, abin sai salati. Mata suka fito da bokitai da tsinkunan ƙarfe, ni ma na naɗe wando na bi sahu.

Wani yaro ya kife dutse, ya yafito ni. Wuri ne a ƙarƙashi, yana jan ciki. Wurin nan dai da ake ɗaura wa jarirai, wanda muke gani a kitson Fulani ranar kasuwa da kan faifan boka. Yana da ƙahonni biyu sirara da ido a gindin kowanne, sannan wata fata mai laushi da tsiro-tsiro ta taso ta gefe biyu ta lulluɓe bayansa. Da na taɓa, sai fatar ta zame, naman duka ya shige ta tsagar nan mai haƙora, aka bar ni da wurin da na sani. Wannan fatar ita ce maginiyar ƙwanson. Tana tatso alli daga ruwa da abinci tana shafawa a kai a kai, har ta waje, shi ya sa wuri ke sheƙi ba tare da an goge shi ba.

Ƙaramin wurin da kakanninmu suka fi so daga tsibiran Maldibis yake zuwa. Na Zanzibar, mai zoben ruwan ɗorawa a baya, 'yan kasuwar Hambug ta Jamus ne suka fara loda shi zuwa Afirka ta Yamma wajen 1845. Lokacin da Baturen matafiyi Barth ya shiga Kano a 1851, dalar azurfa ɗaya tana bakin wuri 2,500, kuma 20,000 ne keso guda. Da aka yi ta kwararo na Zanzibar sai darajar ta faɗi warwas. A ganina wannan ya isa darasin tattalin arziki a kowace makaranta: mutane suna tsintar abu a bakin ruwa, wasu a Katsina suna sayar da hatsinsu dominsa.

Danginsa suna da yawa, an san fiye da iri 70,000. Mafi rinjaye masu jan ciki ne da ƙwanso ɗaya, kamar dodon koɗi da ƙananan katantanwar tafki masu ɗauke da ƙwayar tsargiya. Harshensu zarto ne mai jerin haƙora, da shi suke kankarar gansakuka. Akwai masu ƙwanso biyu da ke buɗewa da rufewa, ba su da kai sam, ruwa kawai suke tacewa, kuma a cikinsu lu'ulu'u ke samuwa.

Amma gwanin gidan shi ne dabbar teku mai hannuwa takwas da ake kira pweza a Zanzibar. Wata dattijuwa ta tsuguna gaban wani rami da ɓawon ƙaguwa ya taru a bakinsa, ta zura tsinke tana tsokana. Can sai hannu ya fito ya nannaɗe tsinken, wani ya kama damtsenta. Ta fizgo shi. Hannuwa takwas, kowanne da layi biyu na mazuƙa masu manne wa fata, ba ƙashi ko ɗaya. A gabana ya sauya daga ja zuwa fari fat, ya feso baƙar tawada. Na ja da baya, ta kyalkyale da dariya, ta buɗe tsakiyar hannuwan ta nuna mini baki mai tauri irin na aku. Duk ramin da bakin nan ya shiga, sauran jikin zai bi.

Zuciyarsa uku ce: biyu na tura jini wajen shaƙar iska, ɗaya na kai shi sassan jiki. Jinin shuɗi ne, domin tagulla ke ɗaukar iskar a maimakon ƙarfen da ke cikin namu. Yawancin jijiyoyin tunaninsa a hannuwa suke, ba a ka ba. Duk da wannan baiwa, da wuya irin na gabar nan ya wuce shekara ɗaya da 'yan watanni. Macen takan daina cin abinci ta zauna gadin ƙwai, suna ƙyanƙyashewa ta mutu.

Da dare a Forodhani, wurin sayar da abinci na bakin teku a birnin Zanzibar, aka miƙo mini pweza gasasshe. Na ɗan yi jim, duk da na san mazhabar Malikiyya ta halatta dabbobin teku. Mai gashin ya ce sai an jibge shi a kan dutse kafin ya yi laushi, in ba haka ba ko an kwana ana dafawa ba ya taunuwa. Na matsa lemun tsami, na nemi a ƙaro yaji.