Uku, Iri, Ashsha: Wa Ya Faɗa wa Kwamfuta Mene Ne Harafi?

Akwai wani atisaye da kusan duk mai koyon rubuta manhaja yake cin karo da shi a makonninsa na farko: a rubuta umarnin da zai tantance ko jerin haruffa yana karantuwa iri ɗaya ta gaba da ta baya. Irin wannan jeri ana kiransa falindirom, kalmar da ta samo asali daga Girkanci. Hausa na da nata: uku, iri, nan, aya, awa. Lambobi ma suna shiga ciki, kamar ranar 02/02/2020, wadda ta faɗo a cikin shekarar Hijira ta 1441.

Hanyoyin warware shi biyu ne. Ko dai a juya jerin baki ɗaya a kwatanta da na asali, ko kuma a kafa manuni biyu, ɗaya a farko ɗaya a ƙarshe, suna matsowa tsakiya. Ɗalibin da ya taso a Tofa, inda gonakin gero da dawa suka matsi juna, ba zai sha wuyar gane ta biyun ba. Manoma biyu ne suka kama kunya guda daga bakinta biyu, suna tafe har su haɗu. A kowane taku ana duba ko harafin wannan ya yi daidai da na wancan. Da zarar an sami saɓani, aiki ya ƙare. Kwatancen da ake yi bai wuce rabin tsawon kalmar ba.

Har zuwa nan lissafi ne tsantsa, kuma lissafi ba ya da ƙabila. Inda gizo ke saƙa shi ne matakin share fage da ake yi kafin kwatancen. Darussa da yawa suna koyar da cewa a mayar da manyan baƙaƙe ƙanana, sannan a zubar da duk abin da ba ya cikin haruffa 26 na Turanci da lambobi. Idan ɗalibin nan ya kwafi wannan mataki ya gwada shi da harshen gidansu, ƙ da ɗ da ɓ za su bi shara. Ɗaya ta koma aya, ƙasa ta koma asa, manhaja kuwa ta amsa da cewa dukansu falindirom ne. Idan aka share waƙafin sama a matsayin alamar rubutu, 'ya'ya sun zama yaya.

Kuskuren na iya zuwa ta ɗaya ɓangaren. A ƙa'idar rubutun Hausa, sh da ts kowanne baƙi guda ne, duk da ana rubuta shi da alamomi biyu. Saboda haka ashsha falindirom ce ga Bahaushe: a, sh, sh, a. Kwamfuta kuwa alamomi shida take gani, kuma a taku na biyu za ta haɗa s da h ta ce ba su dace ba.

Wannan ba mugunta ba ce, gado ne. Tsarin ASCII da aka fitar a Amurka a 1963 gurabe 128 gare shi, kuma an gina shi don buƙatun Turanci. Haruffa masu lanƙwasa kuwa sun kafu a bokon Hausa tun shekarun 1930, zamanin Rupert East da Hukumar Fassara ta Zariya, wadda daga zuriyarta jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a 1939. Sai da tsarin Unicode ya zo a 1991 suka sami gurbi a ma'aunin da duniya ta haɗu a kai. Yau harshen Python yana gane ƙ a matsayin harafi. Abin da ya rage shi ne tsohuwar ɗabi'a a hannun masu rubuta umarni.

Kuma ɗabi'ar ba ta tsayawa a aji. Layin da ya zubar da ɗ a atisaye shi ne wanda gobe zai tace sunaye a rajistar manoma, ko a jerin masu karɓar takin zamani. Ɗanladi yana iya fitowa Danladi a wata takarda, ya fito anladi a wata. Ranar da aka kwatanta takardun biyu harafi da harafi, na'ura za ta ce mutum biyu ne, kuma manomin da bai taɓa taɓa kwamfuta ba shi zai yi ta sintiri tsakanin ƙauyensu da birnin Kano don ya tabbatar da cewa shi ne shi.

Maganin ba ya cin kuɗi. Kafin a juya jeri, a fara rarraba shi bisa haruffan Hausa: sh da ts da 'y kowanne ya zauna a gurbi guda, a kuma ɗauki ƴ da ake rubutawa a Nijar daidai da 'y ta Najeriya. Malamin da ke koyar da atisayen a Kano ya sa ɗaya da ashsha cikin kalmomin gwaji. Ta farko dole ta faɗi, ta biyu dole ta ci. Manhajar da ta tsallake waɗannan biyun ita ce ta cancanci a damƙa mata sunayen mutane.