Titin Woodward, Inda Ake Koya Wa Tsofaffin Motoci Shan Kwana

Wanda duk ya sauka birnin Detroit na ƙasar Amurka a tsakiyar watan Agusta, kafin ya ajiye jakarsa za a tambaye shi ko kallon motoci ya zo. Ni ma haka mai masaukina ya tambaye ni. Da na gaya masa wani sha'ani dabam ne ya kawo ni, sai ya ce ko mene ne in jinkirta shi, domin ranar Asabar ta uku a watan ba wanda zai saurare ni, kowa yana titin Woodward.

Shi wannan titi ya taso ne daga tsakiyar gari kusa da bakin kogi, ya nausa arewa maso yamma har garin Pontiac, tafiyar kamar mil 27, kuma galibinsa miƙe yake samɓal kamar da zare aka ja shi. A kansa ne aka zuba mil guda na kankare a 1909, wanda ake cewa shi ne na farko a manyan hanyoyin Amurka, kuma a bakinsa ne, a Highland Park, kamfanin Ford ya soma harhaɗa mota a kan layi mai tafiya cikin 1913. Bikin da na tarar kuwa tun 1995 aka fara shi a garin Ferndale. Ba tsere ake yi ba. Mutane ne kawai ke fito da tsofaffin motocinsu su yi ta kai da komowa a hankali, jama'a na zaune a kujeru bakin hanya suna kallo tun safe har dare.

Taurarin ranar su ne waɗanda Amurkawa ke kira motoci masu ƙwanji. Yawanci ana ƙirga zamaninsu daga 1964, sa'ad da kamfanin Pontiac ya ɗauki injin mai silinda takwas, lita 6.4, ya cusa shi cikin matsakaiciyar mota ya sa mata suna GTO. Sauran kamfanoni suka bi sahu. Samarin lokacin kan jeru da dare a fitilar ba da hannu ta Woodward, tana nuna kore su fizga zuwa ta gaba, wanda ya riga isa shi ne gwani. Tsadar inshora da dokokin hayaƙi suka raunana wannan yayi, sa'an nan tashin farashin mai na 1973, wanda ya cika baitulmalinmu a nan Nijeriya, ya ƙarasa shi a can.

To, abin da ya ja hankalina ba rugugin injin ba ne. A yawancin mahaɗun Woodward ba a barin direba ya karya hagu kai tsaye, sai ya wuce ya sami wata kafa a tsakiyar titi ya juyo. A bakin irin wannan kafa na tsaya. Mota za ta taho da ƙasaita, fenti na walƙiya, amma da zarar an murɗa sitiyari sai ka ga ta kwanta gefe guda kamar kwalekwalen da aka yi wa lodi ba daidai ba, tayar gaba tana kuka, alhali kuwa gudun bai taka kara ya karya ba. Miƙaƙƙen titi ne ya haife su, don haka maƙeransu suka zuba basira a injin, suka bar ƙafafun yadda suka same su.

Can sai ga wata koriyar Mustang ƙirar 1967 ta shiga kafar ta fita tsaf, ba kwanciya ba kuka. Na bi ta da ƙafa har inda ta tsaya a Royal Oak. Mai ita wani dattijo ne da ya yi ritaya daga aikin masana'anta, kuma da ya ji daga inda na fito sai ya ce in zo gidansa ranar Litinin in ga ƙarƙashinta.

Ranar Litinin na tarar ya ɗaga ta a jak, ya shimfiɗa mini kwali. Ya ce abin da ya sa shi wannan aiki tsoro ne. Wata rana da yayyafi yana sauka daga babbar hanya, jikarsa na zaune a gefensa, ya murɗa sitiyari motar ta ƙi bi, ta ci gaba da miƙewa har ta kusa ƙarfen bakin titi. Injinta ma lita 6.4 ne, na zubin ƙarfe, nauyinsa duk a kan hanci, ƙafafun kuwa asalinsu na Falcon ne, ƙaramar motar iyali mai araha wadda a kanta aka gina Mustang. A baya aksul guda ne ya haɗa tayoyin biyu, yana zaune kan sifirin falle-falle irin wanda muka sani a ƙarƙashin a-kori-kura.

Bai soma da sayen kaya masu tsada ba. Ya fara ne da bushin, watau robobin da ke gaɓoɓin ƙafa, waɗanda shekaru suka busar har suka tsattsage, ya sake shokazoba huɗu, ya sa birkin faifai a gaba. Daga nan ya sa wa gaba sandar hana kwanciya mai kaurin inci guda. Ƙarfe ne lanƙwasasshe da ya haɗa ƙafar dama da ta hagu, idan motar ta so karkata sai ya murɗe ya ja ta ta daidaita. Ya gargaɗe ni cewa wanda ya sa mai kauri a baya ba da lissafi ba, gindin motar ne zai riƙa zamewa, kuma wannan ya fi na farko hatsari. Da yake Mustang ba ta da cikakken shasi, jikinta ne ke ɗauke da kome, sai ya yi waldar ƙarafa biyu a ƙarƙashi suka ɗaure gaba da baya, don kada jikin ya riƙa murɗewa ya ɓata aikin sifirin.

Amma inda ya fi daɗewa yana nuna mini da fitila shi ne wasu ramuka huɗu, biyu a kowane gefe, a bangon ɗakin injin. Yadda kamfani ya ƙera ƙafar gaba, idan mota ta kwanta a kwana sai tayar waje ta karkata kanta waje, ta taka ƙasa da gefenta maimakon tafinta, a daidai lokacin da nauyi ya fi hawa kanta. Idan aka huda sababbin ramuka aka sauko da maɗaurin hannun sama da inci guda tak, sai lissafin ya juya, tayar ta riƙa zama daram a kwalta. Ba shi ya ƙago dabarar ba. Injiniyan Ford ne, Klaus Arning, ya fitar da ita, Carroll Shelby kuma ya yi amfani da ita a motocinsa GT350 na 1965. Kuɗinta bai wuce na bakin abin huji da sake alaimen ba, shi ma alaimen ɗin ba na littafin kamfani ba, domin wancan an rubuta shi ne don tayoyin da, ba na radiyal da ake sawa yanzu ba.

Ramukan nan sun ja masa magana. Akwai masu ganin cewa motar da ta kai wannan shekaru amana ce, ko noti bai kamata a sauya mata ba, kuma a wurin gwanjo wadda ba a taɓa ba ita ta fi daraja. Wani abokinsa na shekara arba'in har yau yana yi masa gorin ya huda tarihi. Ni dai da na tuna da yarinyar da ke kujerar gefe, ban ga laifinsa ba, ko da yake na fahimci mai gorin: sandar ƙarfe ana kwance ta, rami kuwa ko an cike shi da walda mai ido zai gane.

Ya kuma amsa kuskurensa guda. Da farko sifirin masu tauri ƙwarai ya sa, irin na filin tsere, ya manta da cewa sanyin Michigan na farfasa kwalta kowace shekara. Motar ta riƙa tsalle a kan ramuka, tayar da ke sama kuwa ba ta riƙe kome. Dole ya cire su ya sa masu matsakaicin tauri. Nan na ba shi labarin Peugeot 504 da aka harhaɗa a Kaduna, yadda laushin ƙafarta bai hana ta riƙe hanyar burji ba. Ya ce ya taɓa ganin guda ɗaya tak a rayuwarsa.

Da la'asar muka sauke ta muka nufi Hines Drive, hanyar da ke bin kogin Rouge daga Dearborn, mai lanƙwashe-lanƙwashe a cikin itatuwa. Bai yi gudu ba, don dokar wurin ba ta bari. A kwana ta farko na kama hannun ƙofa ina jiran a watsa ni gefe, sai na ji shiru. A ta uku na saki. Dattijon ya lura, ya yi murmushi bai ce kome ba, ya sauke giya, muka shiga ta huɗu.