Gilashin Ƙofar A-kori-kura

Duk wanda ya haura shekara arba'in a Ruwan Bore ba sai an yi masa bayanin motar Baba ba. Peugeot 404 ce a-kori-kura, wadda kowa ke kira Fijo, mai giya a jikin sitiyari. Irinta ta fara fitowa a Faransa a 1960, daga baya kamfanin da aka buɗe a Kakuri ta Kaduna a 1975 ya riƙa harhaɗa Fijo a nan gida. Baba ya saye ta hannu na biyu muna 'yan yara. Da ita aka yi ta kai auduga da dawa Gusau, da ita aka kai amare Tsafe da Bunguɗu, kuma a bayanta aka ɗauki gawar mai ita zuwa makwanci. Bayan rasuwarsa ta yi shekara goma sha ɗaya a gindin darbejiya, kaji na ƙwai a cikinta.

Da muka yi shawarar tayar da ita, mu da Yaya da Auta, mun ɗauka inji ne zai ba mu wahala. Ashe inji mai sauƙi ne. Wani tsohon makanike a Gusau, wanda ya yi ƙuruciyarsa a ƙarƙashin irin waɗannan motoci, ya tashe shi cikin mako uku. Aka buga bodi, aka yi fenti fari kamar yadda take a da. Sai ya rage ramuka biyu a ƙofofi, inda gilashi ya kamata ya zauna. Ɗaya yara sun fasa da gwafa, ɗayan kuwa Baba da kansa ya rasa shi tun da daɗewa, kuma labarinsa ne ya sa muka tsaya.

Yadda abin ya faru shi ne, gilashin asali na ƙofar direba ya fashe, Baba ya je wurin mai yankan gilashin tagogin gida aka yanko masa wani daidai wurin, don gilashin ƙofar 404 shimfiɗaɗɗe ne, ba shi da lanƙwasar na motocin yanzu. Ya yi kyau, ya yi arha. Wata rana ana lodi wani yaro ya banko ƙofar, gilashin ya tsage dogo-dogo kamar wuƙaƙe, ɗaya ya shiga damtsen Baba. Tabon nan mun girma muna ganinsa duk lokacin da ya naɗe hannun riga zai yi alwala. Saboda haka da mai yankan gilashi ya ce mana, "Malam, ku kawo awo, gobe ku karɓa," Yaya bai ko bari ya faɗi kuɗin ba.

Mai karatu zai gafarce mu idan alli ya ɗan motsa a hannunmu, ɗabi'ar aji ce. Gilashin mota iri biyu ne, kuma bambancinsu yana ga yadda suke fashewa. Na farko gasasshe ne: ana zafafa shi ya haura digiri 600, sannan a huce shi da iska farat ɗaya, sai bayansa ya riga ƙamewa, cikinsa kuma da ya huce ya janyo bayan ya matse shi. Ya fi gilashin gida ƙarfi wajen ninki huɗu, in kuma ya fashe sai ya zube ƙanana-ƙanana kamar tsakuwa, ba kaifi mai yawa. Amma da zarar an gasa shi ba ya yankuwa. Ka sa masa abin yanka ya watse gaba ɗaya. Shi ya sa ba a yin sa a bakin titi. Na biyu mai ruɓi biyu ne, an manne su da siririyar roba a tsakiya. Wani Bafaranshe mai suna Edouard Benedictus ne ya yi rajistar dabarar a 1909. Wannan in ya fashe yana tsagewa kamar yanar gizo, amma yana nan a tsaye, robar ta riƙe shi. Shi ake sa wa a gaban mota, gasasshen kuma a ƙofofi.

To, a nan gardama ta tashi a zaure, ta kai mu dare uku.

Auta, wanda shi zai riƙa tuƙi, ya ce a yanko mai ruɓi biyu a liƙa masa baƙar leda. Hujjarsa ba ta gayu ba ce, ko da yake akwai gayun a ciki. Ya ce hanyarmu ta Gusau zuwa Tsafe ba irin ta zamanin Baba ba ce. Gara kada na bakin daji ya san wa ke cikin mota, kuma in an jefo dutse gilashin ba zai zube ba. Babu wanda ya yi masa dariya. Duk mun tuna 2021, lokacin da aka rufe kasuwannin mako-mako aka kuma katse layukan waya a jihar nan, muka zauna ba ciniki ba labari.

Yaya ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Kai yaro, wanda ke cikin duhu ba ɓarawo kaɗai yake ɓoye wa ba." Ya tuna masa cewa tun 1991 akwai dokar da ta hana baƙin gilashi sai da izini, kuma ko an bar maganar doka, motar da ba a ganin cikinta ita ake fara nuna wa bindiga a shingen bincike, ko na sojoji ko na Askarawan da aka kafa a 2024. Wannan mota kuwa, arzikinta shi ne an san ta. Mutum ya hango ta daga nesa, ya ga fuskar ɗan wane a ciki, ya ɗaga hannu. Mu a nan mun bi bayan Yaya, kuma har yau muna ganin shi ke da gaskiya.

Amma a kan mai ruɓi biyu ba mu goyi bayan kowa ba, don abin yana da fuska biyu. Ƙarfin da ke hana dutse shigowa shi ne ke hana mutum fita. Ƙofofin motar da ta kai wannan shekaru sukan cije, kuma duk wanda ya taɓa ƙetare rafi da damina a yankinmu ya san abin da muke nufi. Gasasshen gilashi, ka doke shi da ƙarfe mai tsini a kusurwa ya zube ka fice. Mai ruɓi biyu sai ka yi ta duka yana lotsawa. Ga shi kuma yakan fi na asali kauri, sai ya riƙa cijewa a cikin robar da yake bi yana hawa da sauka. Akwai ma wanda ya ba mu shawarar farar roba mai kama da gilashi. Wannan hunturu ɗaya ya ishe ta, ƙura za ta kankare ta har ba ka ganin madubi.

Daga ƙarshe muka ɗauki hutun zango muka tafi Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa, da kwali biyu da muka zana siffar tagogin a kai. Kwana biyu muna shiga rumfa muna fita. Wani dattijo ya janyo mana gilashi guda daga bayan tarin ƙofofi, ya tofa masa yawu a kusurwa ya goge da babban yatsa, sai ga ɗan tambarin Securit ya fito. Ya ce, "Malam, in ba ka ga wannan ba, kada ka biya." Guda ɗaya ne tak, na hagu, yana da zane-zanen shekaru a jikinsa, kuɗinsa kuma ya ci kusan sulusin albashinmu. Muka naɗe shi da bargo muka rungume shi a cinya tun daga Kano har gida, kwandasta yana tambaya ko jariri ne.

Na ƙofar dama ba mu samu ba. Dole muka koma ga mai ruɓi biyu, fari, ba leda, aka yanka aka goge bakinsa, makanike ya ɗan buɗa masa hanya. Auta ya ɗaure ƙaramar guduma a ƙarƙashin kujera ba tare da kowa ya ce masa ba.

Ranar da muka fito da ita, Inna ta ce ita za a fara kaiwa Gusau dubiya. Ta shiga gefen dama, inda ta saba zama, ta kama hannun murɗawa ta ɗaga gilashin ya hau da ƙyar, ta dube shi, ta ƙwanƙwasa da zobenta. Auta ya fara yi mata bayanin ruɓi biyu da robar tsakiya. Ta ce, "To, Allah ya tsare." Sannan ta murɗa shi ƙasa gaba ɗaya, ta ɗora gwiwar hannu a kan taga, don akwai mutanen da za ta gaisa da su kafin a fita gari.