Baƙon da Ba Ya Son Nama

Da na je Umra bara, na sauka Jidda wajen ƙanena da ke aikin gida a hannun wani attajiri. Maigidan ya yi tafiya, ya bar masa amanar wani katafaren akwatin gilashi cike da ruwan gishiri. A ciki akwai wani kifi mai ƙaho a goshi, da ƙayoyi shuɗɗa biyu a kowane gefen wutsiya. Masana na ce masa Naso unicornis, ɗan Bahar Maliya ne, yakan kai tsawon santimita 70.

Na tarar da ƙanena cikin damuwa. Cikin kifin ya shafe, fatar fuskarsa ta fara zaizayewa.

"Yaya, wallahi ban rage shi da komi ba," in ji shi. "Jatan lande nake ba shi safe da yamma. In ya mutu, aikina ya mutu."

Na san abin da hakan ke nufi. Da albashinsa ake sayen maganin Inna a Damagaram. Ni kuwa, mai shirin kiwon lafiya a rediyo, sai na ce ya ƙara masa naman, ai rama yunwa ce.

Da kwana uku suka wuce ba sauƙi, muka nufi shagon masu sayar da kifin ado. Mai shagon ya saurare mu, ya yi murmushi. Ashe wannan kifi makiyayi ne kamar akuya. A teku yini yake yana tsinkar ciyawar ruwa mai launin ƙasa da ke kan duwatsu, kuma hanjinsa dogo ne, an yi shi don narkar da ganye. Nama ɗan ƙari ne kawai. Ya ba mu busasshiyar ciyawar teku da Japanawa ke kira nori, da ɗan maƙali na manna ta jikin gilashi. Ya ce a sa kaɗan-kaɗan sau biyu ko uku a yini, a cire saura kada ruwa ya gurɓace.

Ranar farko kifin ko kallo bai yi ba. Washegari ya matso, ya yaga, ya sake yaga. Kafin in taso cikinsa ya fara cikowa. Fuskar ce ta ɗauki watanni.

A jirgi na riƙa tuna Inna. Duk zuwana gida da kilishi nake zuwa, ta karɓa ta sa albarka, ta raba wa jikoki. Haƙoranta sun daɗe da gajiya, ban taɓa lura ba.

Wannan karon da na isa, na zauna kan tabarmarta na ce, "Inna, me ranki ke so?"

Ta daɗe tana dubana. Sannan ta ce dambun zogale, mai laushi.