Lissafin Caca Mai Lamba Casa'in

Ran nan muna cikin darasin lissafi a makarantarmu ta Dareta, sai wani yaro ya fid da wata 'yar takarda daga aljihu, ya ce wansa ne ya zo da ita daga Ikko. Wai da naira 100 mutum ya kan sami naira 24,000, saboda haka shi bai ga amfanin zaman aji ba. Da muka duba, sai muka ga takardar cacar nan ce ta loto, wadda mutanen Ikko ke kira Baba Ijebu. Ba mu yi masa faɗa ba. Muka ce, "To, yau ita ce darasinmu."

Ga yadda ake yin ta. Akwai ƙwallaye 90, kowace da lambarta, daga 1 zuwa 90. A kan juya su cikin na'ura, a fid da biyar. Kafin a juya, mai wasa ya zaɓi lambobinsa, ya biya, a ba shi takarda. Wadda aka fi yi ita ce ta lamba biyu. In duka biyun suka fito cikin biyar ɗin nan, sai a biya shi kuɗinsa sau 240. In ɗaya ce ta fito, ko babu, kuɗi ya tafi ke nan.

Muka yanka takardu 90, muka sa musu lamba, muka zuba a ƙwarya. Yara 40 kowa ya rubuta biyunsa a allo. Sau goma muna ja, yaro ɗaya kaɗai ya ci, shi ma sau ɗaya. Aji ya yi tsit.

Sa'an nan muka koma kan babban allo. Cikin lamba 90 ana iya haɗa biyu-biyu iri 4,005, watau 90 sau 89 a raba biyu. Biyar ɗin da ke fitowa kuwa iri 10 kaɗai suke bayarwa. Ashe ci ɗaya ne cikin wajen 400. In mutum 400 suka zuba naira ɗari-ɗari, an tara 40,000. A ba wanda ya ci 24,000, a buga masa ganga, saura 16,000 su kwana wurin mai caca. Sauran mutum 399 ba mai jin labarinsu.

Mai haƙar zinariya a dajinmu, in ya dawo hannu wofi, ƙasa ce ta hana shi. Mai caca kuwa tun bai fito daga gida ba an riga an lissafta asararsa. Addini ya hana ta, dokar Zamfara ma ta hana tun shekarar 2000, amma yanzu wayar hannu na kai ta har cikin ɗaki, inda ba mai gani.

Saboda haka, 'yan makaranta, duk wanda ya zo muku da irin wannan takarda, ku ɗauko alli tukuna. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Yaron nan namu yana nan a aji, shi ne ma ya fara gane 4,005 ɗin.