Motar Waya a Layukan Ajame

Ranar da jikana ya zo yana ba ni labarin Baby Lab, wani wuri a unguwar Abobo ta Abijan da aka buɗe a 2014, inda ake koya wa yara harhaɗa kwamfuta cikin jarkar roba da kayan matattun na'urori, sai dariya ta kama ni. Ya zaci raini ne. Ni kuwa bulalar da na sha a kan irin wannan aiki na tuna.

Mu 'ya'yan Hausawan da aka haifa a Abijan ba mu san motar kara ba sai a baki. Duk yaron da aka kawo daga Maradi ko Ƙonni ko Katsina sai ya cika mana kunne da yadda ake feɗe karan dawa a fitar da mota har da direbanta. To, ina kara a ƙasar rogo da ayaba? Sai muka koma wa abin da gari ke zubarwa: waya, gwangwanin madara, murfin kwalba, tsinkakken silifa, da tsohon tiyub da muke roƙo wajen masu faci.

Aikin yana da ƙa'ida, ko da yake ba wanda ya rubuta ta. Da waya mai kauri ake lanƙwasa gangar jiki, a ɗaure gaɓoɓin da zaren tiyub tamau. Taya kuma daga silifa take fitowa: a gasa bakin gwangwanin tumatir a wuta, a danna, sai ga da'ira. Wahalar tana wajen huda tsakiya. Ka kuskure ko da ƙwayar gero, motarka ta dinga ɗingishi ke nan, yaran layi suna maka ihu. A nan na san da'ira tana da cibiya, tun kafin mushe, malaminmu na boko, ya zana mana ita a allon lakwal. Gwani shi ne wanda dogon sitiyarinsa ke juya tayoyin gaba da gaske. Mukan wuni a bakin tashar Ajame muna ƙare wa motocin gbaka da bas ɗin SOTRA kallo, har mu durƙusa mu leƙa ƙarƙashi, yaran mota suna korarmu.

A makarantar allo ma hannu ba ya zama. Malam ba ya sayen tawada. Mu ne masu kankaro baƙin tukunya, mu jiƙa ƙaro, mu dama, mu tace da ƙyalle. Ƙaron daga arewa fatake ke kawo shi, don haka ba a wasa da shi. In ya yi yawa rubutu ya yi danƙo, in ya yi kaɗan ya goge kafin a biya. Alƙalami kuwa kowa shi ke fiƙe nasa da reza, ya tsaga bakin daidai yadda zai riƙe tawada. Ba mu taɓa ɗaukar wannan a matsayin karatu ba. Hidima ce kawai kafin karatu.

Lakwal ta zamaninmu ta zo da nata abin mamaki. Daga 1971 gwamnatin Kodebuwa ta shiga koyar da 'yan firamare ta talabijin, ana shirya darussan a Buwake da taimakon Faransa da UNESCO. Nijar ta riga ta gwada irinsa tun 1964. An yi shekaru ana gardama a kan amfanin abin, iyaye da malamai suna ƙorafi, har aka daina a 1982. Ba zan yi masa butulci ba, ya sake mana baki da Faransanci. Amma akwati ne na kallo, kuma dokarsa ɗaya: kada a taɓa. Ni kuwa bayansa nake so in gani.

Da bai samu ba, sai na huce a kan rediyon Baba. Wannan rediyo ita ce igiyar da ta ɗaure shi da gida. Da ita yake kamo BBC da Rediyon Kaduna a gajeren zango, ya ƙara mata waya ya maƙala a kwanon rufi, batir in ya yi sanyi a shanya shi a rana. Na kwance ta tas da wuƙar tebur, na kasa mayarwa. Bayan bulala, washegari ya ja hannuna muka haye gada zuwa Tireshbil, wajen wani mai gyara ɗan garinsu.

"Malam, ga ɗanka nan," in ji shi. "Tunda hannunsa ƙaiƙayi yake yi, ka nema masa abin susa."

Hutu biyu na yi ina hura gawayi don gasa ƙarfen narka dalma, ina miƙa sukudireba. Maigidan ba ya bayani. Sai dai ya tsoma yatsa a miyau ya taɓa wani wuri, rediyo ta yi gurnani, ya dube ni ya ce, "Ka ji ko?" Wanda bai ji ba, gobe ma rana ce. Na ga laifin wannan salo daga baya, don ya bar mu da sanin yadda ake yi ba tare da sanin dalili ba. Inda mushe da maigidana sun taɓa zama a tabarma ɗaya, da abin ya yi kyau. Amma wancan yana ganin wannan jahili, wannan yana ganin wancan ba ya iya ɗaura ko fis.

Da aka karya darajar sefa a Janairun 1994, faran ɗin Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, kayan waje suka yi tsada, sai ga masu taye suna layi a teburin masu gyara. Jikokin wannan teburi su ne yaran da ke kwance wayoyin salula yau a Black Market ta Ajame, sai dai su YouTube ne maigidansu.

Na tambayi jikana ko a Baby Lab ana barinsu su buɗe kayan da kansu. Ya ce ai sukudireba ake fara miƙa wa mutum. Da la'asar na sa ya nemo mini waya da tsohon silifa. Gangar jikin ta fito sumul, amma tayar baya ta hagu na kuskure tsakiyarta, yana ta dariya.